Yadda aka koyi barin tankin kifi ya nuna

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya sanar da cewa ya ajiye jajayen kifin ado biyu a cikin gilashi tare da ciyawar ruwa da dodon koɗi, watanni da dama bai sauya ruwan ba. Bayaninsa mai daɗin ji ne: ciyawa na ba kifi iskar shaƙa, kifi na ba ciyawa taki, dodon koɗi na share ruɓaɓɓen ganye. Philip Henry Gosse ya yaɗa wannan fahimta da littafinsa na 1854, gidajen Ingila suka cika da tankuna, kifaye kuma suka yi ta mutuwa. Lissafin ya tsallake babban ma'aikacin, wato ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniyar da kifi ke fitarwa, wadda guba ce a gare shi.

Ilimin bai daɗe da zuwa ba. A 1877, a Faransa, Schloesing da Müntz suka riƙa zuba ruwan kwata ta cikin bututu mai cike da yashi. Sai bayan kimanin kwana 20 amoniya ta fara juyewa zuwa nitret, da suka sa kulorofom kuwa aikin ya tsaya cak, alamar mai rai ne ke yin sa. Ɗan Warington, wanda ya ci sunan mahaifinsa, ya nuna a Rothamsted cewa juyin hawa biyu ne: amoniya zuwa nitrayit, sannan nitret. A 1890 Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin a Zurich. Duk da haka an ƙara shafe ƙarni guda masu kiwo suna jefa kifi mai taurin rai a sabon tanki, ya sha gubar har ƙwayoyin su yawaita a matata da tsakuwa. Sai a ƙarshen shekarun 1990 wata al'ada ta bazu: a ɗiga amoniya a tankin da babu kifi, a riƙa aunawa, a jira mako huɗu zuwa shida. A ganina abin da ya jinkirta ta shi ne rashin hanyar gani. Ruwa mai guba garau yake, kuma kafin kayan awo su yi araha, kifin kansa ne ma'auni.

Za a ce tsohuwar hanya ta yi wa dubban mutane aiki. Ta yi, amma tankunan da suka tsira ake ƙirgawa, ban da matattun kifayen da aka kwashe da safe. Za a kuma ce ciyawa mai yawa tana zuƙe amoniya, kuma gaskiya ne, shi ya sa gilashin Warington ya rayu: kifi biyu ne kacal a ruwa mai yawa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu sayar da ƙwayoyin a kwalba, masu cewa jira ya zama tsohon yayi. A nan ma tarihi yana jan kunne. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka gano cewa a tankin ruwan daɗi bakteriyar Nitrospira ce ke cinye nitrayit, alhali Nitrobacter aka daɗe ana ɗurawa a kwalabe. A 2005 kuma aka ware wata halitta mai cin amoniya, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga tsakuwar wani tanki a gidan kifin Seattle.