Sarkin Ruwa da Dokar Gwamnati: Tarihin Hakkin Masunta a Ƙasashen Kabi da Yawuri

Gabatarwa

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu bi diddigin dokokin da suka shafi sana'ar su a ƙasashen Kabi da Yawuri, tun daga zamanin sarakuna har zuwa dokokin soja na shekarun 1990. Abin da muke son nunawa shi ne, dokokin zamani sun yi ƙoƙari wajen faɗa wa masunci irin kayan da zai yi su da su, amma sun yi shiru game da hakkinsa a kan ruwan da ya gada. A ganinmu wannan shiru yana cikin manyan dalilan da suka sa kifi ke ƙaranci, dokoki kuma ke zama a takarda kawai.

Tsarin gargajiya

Tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, an san Kabawa da su a gulbin da ya ratsa ƙasarsu. A ƙasar Yawuri kuwa, akwai Sarkawa masu bin kogin Kwara da jirage, da kuma Gungawa mazauna tsibirai. A duk waɗannan wurare ruwa yana da mai shi. Tafkuna da guraben da ambaliya ke bari a fadama bayan damina, kowanne an san garin ko gidan da ke riƙe da shi. Sarkin Ruwa shi ne wakilin sarki a kan al'amarin. Shi ke faɗin ranar da za a shiga ruwa, shi ke ba baƙo izini, shi ke raba gardama tsakanin masu homa da masu taru, kuma ta hannunsa rabon sarki ke isa fada.

Abin lura a nan shi ne, hakki da nauyi a haɗe suke. Wanda aka san ruwa nasa ne, shi aka ɗora wa tsaronsa. A Argungu akan yi gyaran ruwa, sa'an nan a yi fashin ruwa, watau buɗe shi ga masunta. Kafin wannan rana ba mai jefa koma a wurin da aka hana. Ko mutum bai yarda da tsafe-tsafen da ke tattare da al'adar a da ba, amfaninta a fili yake: kifi na samun lokacin hayayyafa da girma. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, shaida ce mai rai. Giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada ya girma ne don an hana taɓa wurin sauran shekara. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Sarkin Ruwa na iya fifita danginsa, baƙo kuma na iya biyan abin da ya fi ƙarfinsa. Amma dai kowa ya san wurin da zai kai kuka.

Zuwan Turawa

Turawan mulkin mallaka ba su soke sarautar ruwa ba, don sun yi mulki ne ta hannun sarakuna da hukumomin En'e. Sai dai sun sauya tushen abin a takarda. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar ma'adinai ta 1916 kuwa ta mallaka wa Sarkin Ingila dukan koguna da rafuka da magudanan ruwa na Nijeriya. Masuncin Yawuri ya ci gaba da su kamar yadda ya saba, bai san cewa abin da yake ɗauka gado ne ya koma alfarmar da hukuma ke iya janyewa ba. Da aka sami 'yancin kai a 1960, ikon ya koma hannun gwamnatin ƙasa, ba a mayar wa masu ruwa da komai ba.

Madatsun ruwa

Sai da aka gina madatsar Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, sa'an nan ma'anar waccan doka ta fito fili. Ruwa ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da dama na Gungawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. An gina musu gidaje, an nuna musu gonaki. Guraben su da aka gada kuwa sun nutse a ƙarƙashin tafki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200, wanda babu gidan da zai ce nasa ne. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, masunta suka kwararo daga nesa da kusa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 abin da ake kamawa ya ragu matuƙa. Wani ɓangare na wannan raguwa ɗabi'ar kowane sabon tafki ne, amma wani ɓangaren ya faru ne don ruwan ya zama na kowa, ba mai ikon cewa a dakata.

A ƙasar Kabi illar ta zo ta wata hanya. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun rage ambaliyar da ke cika fadama kowace shekara. Tarwaɗa da karfasa da bargi a cikin ciyawar fadama suke hayayyafa. Idan ruwa bai malala ba, Sarkin Ruwa yana nan da rawaninsa, amma tafkin da zai buɗe ya ƙafe.

Dokokin soja

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mallaka wa gwamnan kowace jiha filayen jiharsa amana. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon fili ta gargajiya har kadada 500 don noma, da kadada 5,000 don kiwo. Manomi ya sami ambato, makiyayi ya samu, masunci bai samu ba. Ma'anar wannan ita ce, idan aka ba wani fadama don noman shinkafa, ya toshe hanyar da ruwa ke bi zuwa tafki, mai tafkin ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali.

A 1992 aka kafa Dokar Su a Ruwan Cikin Ƙasa, mai lamba 108. Ta wajabta lasin ga jiragen su masu inji, ta hana kamun kifi da nakiya ko guba ko lantarki, ta ƙayyade faɗin idon raga, ta kuma ba hukuma ikon rufe wani wuri ko wani lokaci. Duk waɗannan tanade-tanade ne masu kyau, kuma wasunsu, kamar rufe ruwa, kakanninmu sun riga doka sanin su. Amma dokar ta ɗora aikin a kan ma'aikatan gwamnati, waɗanda ba su da yawa, ba su kuma kwana a bakin ruwa. Bugu da ƙari, Tsarin Mulki na 1999 ya cire su a koguna da tafkuna daga cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, alhali tafkin Kainji yana tsakanin jihohi biyu, Neja da Kebbi, kifi kuwa bai san iyakar jiha ba.

Darasin Kainji

A shekarun 1990 an gwada wata dabara a tafkin Kainji, a ƙarƙashin wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus. Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokinsu na su, suka hana dala, watau babbar ragar nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don kamun warangi, wadda ke kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare. Abin da ya bambanta wannan yunƙuri shi ne an jawo sarakunan Borgu da Yawuri da sarakunan ruwa na ƙauyuka cikin aikin ba da lasin da tsare doka. Yayin da shirin ke tafiya an ga amfaninsa. Rauninsa shi ne an ba sarakunan ruwa aiki, ba a rubuta wa jama'arsu hakki a kan wani yanki na ruwa ba. Wanda ya haƙura ya ajiye dala bai da tabbacin cewa kifin da ya bari shi zai ci gobe.

Kammalawa

Duniya ta zo ga wannan fahimta daga baya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin riƙon ƙasa da ruwan su da dazuzzuka a 2012, sa'an nan ta fitar da na ƙananan masunta a 2014. Duka biyun sun nemi gwamnatoci su amince da hakkin gargajiya, su kuma sa masunta cikin shawara. Amma ƙa'idoji ne na ganin dama, ba sa ɗaure kowa sai an shigar da su cikin dokar ƙasa.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku ga masu gyaran doka. Na farko, a yi rajistar tafkuna da guraben su na gado da sunan garuruwan da ke riƙe da su, kamar yadda ake yi wa gonaki. Na biyu, a ambaci Sarkin Ruwa da majalisar masunta a cikin dokar jiha, a fayyace ikonsu, a kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara, ta yadda baƙo da matan da ke banda da sayar da kifi za su sami kariya. Na uku, a wajabta biyan diyya da sakin ruwa ga fadama a kan duk wanda zai gina madatsa.

Mu malamai ma akwai namu aikin. Sunayen tafkuna da iyakokinsu da tarihin masu su a kawunan tsofaffi suke, ba a rubuta su ba. Idan kwalejojinmu ba su tura ɗalibai sun tattara su yanzu ba, ranar da doka za ta nemi shaida ba za a sami mai ba da ita ba.