Mai Moya da Tarihin Ruwan Maiduguri

A Kano 'yan garuwa ake ce musu, amma a Maiduguri sunan mai tura kurar jarkoki mai moya. Moya kalmar Larabci ce mai nufin ruwa, Hausa kuma ta ɗora mata "mai". Barebari su kan ce nji. Garin da harsuna uku ke kiran ruwa a titi ɗaya, ba mamaki tarihinsa ya bi bakin kogi.

A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda Rabe ya rusa a 1893, ya kafa fadarsa a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kusa da kogin Ngadda, inda Turawan Ingila suka girke sansaninsu. Ngadda kogin damina ne. Yana cika, ya ratsa gari, ya bazu a fadamar Jere inda manoman Zabarmari ke shuka shinkafa, da rani kuwa yashi kawai ake gani. Don haka rijiya ce ta riƙe mutane.

Arzikin gaske yana ƙarƙashin ƙasa, hawa uku na ruwa a kwarin Tafkin Chadi. Da aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a Borno wajen shekarun 1960, ruwa da kansa yake tsartuwa sama ba inji, makiyaya na shayar da shanu dare da rana. An bar da yawa suna kwarara ba marufi, ƙarfinsu ya ragu. Wannan sakaci ne, kuma jikoki ke biyan kuɗinsa jarka-jarka.

A 1986 aka kammala madatsar Alau a kan Ngadda don famfon gari da noman rani. Ta kawo ambaliya a 1994, sannan a watan Satumba na 2024 ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu, Kasuwar Monday, Gwange da asibitin koyarwa na jami'a, har namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi suka fito gari.

Duk tsawon shekarun nan famfo bai taɓa cin ma gari ba, balle da rikicin Boko Haram ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga ƙauyuka zuwa cikinsa. Unguwannin da bututu bai kai ba, mai moya ne ke ɗebo musu daga burtsatsen 'yan kasuwa, kuma idan man janareta ya yi tsada, farashin jarka ma sai ya tashi.