KEDCO

KEDCO, wato Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano, ɗaya ne daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 da aka fitar daga tsohuwar hukumar PHCN, wadda har yau mutane da yawa suke kira NEPA. Shi ne ke kai wuta gidaje da kasuwanni da masana'antu a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kuma hedikwatarsa tana birnin Kano.

Tarihi

Dokar gyaran fannin lantarki ta shekarar 2005 ce ta buɗe ƙofar sayar da kamfanonin. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta miƙa KEDCO ga kamfanin Sahelian Power, wanda ya sayi kashi 60 cikin 100 na hannun jarin, gwamnati ta riƙe kashi 40. Da bashin banki aka yi cinikin. A watan Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ikon hannun jarin saboda rashin biyan bashin, aka sauya hukumar gudanarwa, kamar yadda aka yi wa kamfanonin Benin da Kaduna a lokaci guda. A 2023 kamfanin Future Energies Africa ya zama babban mai jari.

Halin kuɗi

KEDCO ba ya samar da wuta, sayenta yake yi ya sayar. Matsalarsa ita ce kuɗin da yake tattarowa ba ya kai kuɗin wutar da aka turo masa. Wani ɓangaren wutar yana salwanta a tsofaffin wayoyi da taransfoma masu ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Wani kuma sace shi ake yi, ta hanyar jona waya kai tsaye ko zagaye mita. Wanda aka rubuta wa bil ɗin ma ba duka ake biya ba, musamman inda babu mita, don mai gida yana ganin an yi masa ƙiyasin wutar da bai gani ba. Idan kamfanin ya kasa cika abin da ake binsa, giɓin yana hawa kan masu samar da wuta, daga nan ya kai ga masu sayar musu da iskar gas.

Tun 2020 hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A mai aƙalla awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, sauran aka bar su kan tallafin gwamnati.

Karkara

Tsarin yana da illa ga ƙananan hukumomi irin su Ajingi da Gaya a gabashin Kano. Layin da ke kai musu wuta dogo ne, gidaje a warwatse suke, yawancin masu biya manoma ne da masu injin niƙa da ƙananan shaguna. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu zai fi son tura ɗan abin da ya samu inda yunit ya fi tsada kuma ake biya. Idan taransfomar gari ta ƙone, sau da yawa mutanen gari ne ke yin karo-karo a gyara.

A watan Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa yankin KEDCO cikin duhu fiye da mako guda, kamfanin ya rasa abin sayarwa alhali albashi da bashi suna jiransa.