Yadda Likitoci Suka Koyi Ganin Haƙorin da Ya Maƙale

Matauni na ƙarshe, wanda kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, ya fi kowane haƙori ba likitoci wahala. Sau da yawa ba ya samun wuri, sai ya kwanta cikin muƙamuƙi ya tokare na gabansa. A da, mai cire shi lalube yake yi, sai ya tsaga dasashi sannan ya san abin da ya tarar.

A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Ba a rufa wata uku ba wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya sa gilashin ɗaukar hoto a bakinsa, ya zauna minti 25 hasken na dukansa. Hoton ya fito dishi-dishi, amma hanya ta buɗe. A Amurka, Edmund Kells na birnin New Orleans ya rungumi abin hannu biyu. Ba a san illar hasken ba tukuna, sai da ya cinye masa yatsu, daga baya aka yanke hannun gaba ɗaya.

Ganin haƙori daban, sanin wuyar cire shi daban. A 1926 George Winter ya kasa haƙoran bisa kwanciyarsu: wani a tsaye, wani ya karkata gaba, wani baya, wani kuma kwance. A 1933 Pell da Gregory suka ƙara ma'auni biyu, zurfin haƙorin da kuma filin da ke tsakanin haƙorin gabansa da ƙashin bayansa. Har yau da waɗannan ake koyar da ɗalibai, duk da cewa hasashensu na wuyar aiki ba ya cika daidai.

Babban abin tsoro kuwa jijiya ce da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, dab da saiwar haƙorin. In aka taɓa ta, leɓe da haɓa su mutu, wani lokacin har abada. Hoton da ke nuna baki gaba ɗaya, wanda Yrjö Paatero na Finlan ya inganta bayan yaƙin duniya na biyu, ya sa ana ganin hanyarta. A 1990 Rood da Shehab suka zayyana alamomi bakwai na haɗari, ciki har da saiwa ta yi duhu inda ta haɗu da hanyar, ko farin layin hanyar ya katse.

A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera na'urar CBCT a Italiya da Japan, mai nuna haƙori ta kowace fuska. Ta fi tsada, haskenta ya fi yawa, kuma gwaje-gwaje ba su nuna ta rage lahanin jijiya sosai ba. Amfaninta ya fi bayyana wajen yanke shawara: in saiwa ta rungumi jijiya, likita kan cire kan haƙorin kawai, ya bar saiwar a inda take.