Wa Ke Tsaya wa Mai Taɓin Hankali? Waiwaye a Kan Ƙasar Daura

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya guda ɗaya, watau wane ne ke magana da yawun mai taɓin hankali idan aka tsare shi, ko a asibiti ko a cikin gari. Mun ɗauki ƙasar Daura ta zama madubinmu, domin abin da ya auku a cikinta a shekarar 2019 ya sa tambayar ta zama wajibi.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa ta dauri, ɗawainiyar mai taɓin hankali tana wuyan danginsa ne. Su ke kai shi wurin malami a yi masa tofi da rubutu, ko kuwa wurin 'yan bori a yi masa girka. In ya faye duka ko ɓarna, sai a sa shi a turu ko a mari. Duk da haka, shari'a ba ta bar shi kara zube ba, gama fiƙihun Malikiyya ya tanadi babin hajaru, inda ake hana shi taɓa dukiyarsa, a kuma naɗa masa waliyyi wanda zai tsare masa ita a ƙarƙashin idon alƙali. Ashe ke nan tun asali akwai wanda za a tuhuma in an zalunce shi.

Zamanin Mulkin Mallaka

Turawa sun buɗe gidan mahaukata a Yaba a 1907, suka kuma kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sabunta a 1958. Manufar dokar ita ce a kawar da majinyaci daga idon jama'a. Likita da majistare ke yanke hukuncin tsare shi, ba tare da an tanadi mai kāre shi ba. A Jihar Arewa kuwa, sau da yawa kurkukun En'e ne makomarsa. A 1954 ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da wani ɗan'uwansu suna karɓar magani. Darasin Aro shi ne, kasancewar dangi a kusa magani ne, kuma kariya ce.

Abin da Ya Auku a Daura

Da yake manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Dawanau a Kano, sun yi wa talakan Daura nisa, sai gidajen mari suka cike giɓin. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani irin wannan gida a Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu ɗaure da mari. Iyaye ne da kansu suka kai akasarinsu, saboda shaye-shaye ko kangara, da kyakkyawar niyyar a gyara su. A nan ne gizo yake saƙa: waliyyin da ya kamata ya tsaya wa majinyaci shi ne ya miƙa shi, bayan haka kuma babu alƙali ko likita da ke leƙawa.

Sabuwar Doka

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi ma ɗan Daura ne, ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi a kan maganinsa, da haƙƙin ya naɗa wakili mai magana da yawunsa, ta kuma tanadi kwamitin sauraron koke-koke.

Kammalawa

A ganinmu, doka ba ta isa Zango ko Ɓaure ko Mai'aduwa da ƙafarta. Sai an kai ta. Masarautar Daura tana da tsani tun daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kuma babu wanda za a ɗaure a wata unguwa mai unguwar bai ji ba. Saboda haka muna ba da shawara a ɗora wa waɗannan shugabanni, tare da limamai da ma'aikatan ƙananan asibitoci, nauyin kai rahoton duk wanda aka tsare, da ziyartarsa, da sada shi da likita. Ta haka ne za a mayar wa mai taɓin hankali waliyyin da shari'a ta ba shi tun farko.