Tarihin Tseren Keke na Burkina Faso

A shekarar 1987 aka fara gasar Tour du Faso, wato tseren keke na zango-zango, inda ake tara lokacin da kowane mahayi ya ɓata a kowace rana domin fitar da zakara. A shekarunta na farko 'yan sha'awa ne kaɗai ke fafatawa, waɗanda ba da keke suke cin abinci ba, kuma a kan tituna masu ƙura da zafin rana suka gina mata suna, har ta shiga jadawalin tserukan Afirka na hukumar tseren keke ta duniya a 2005. Fargabar cutar Ebola ta hana gudanar da ita a 2014, amma ta farfaɗo, har ɗan ƙasa Mathias Sorgho ya lashe ta a 2018.