Kwatano da Hanyar Teku: Tarihin Birnin da Fataucin Nijar Ya Taimaka Wajen Ginawa

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku, saboda haka duk wani buhun shinkafa ko ƙarfen gini ko mota da ya fito daga ƙasashen ƙetare ya iso kasuwar Matamaye, sai ya bi ta tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa kafin ya iso. A cikin tashoshin da Nijar ta dogara da su tun daga zamanin mulkin mallaka, babu wadda tarihinta ya cuɗanya da na Nijar kamar ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, domin birnin ya girma ne a kan hidimar kayan da ke ratsawa zuwa ƙasashen tudu, kuma gyaɗar manoman kudancin Nijar tana cikin abubuwan da suka sa Faransa ta ga dacewar gina masa babbar tasha.

A tsakiyar ƙarni na 19 Kwatano ƙaramin gari ne na masunta da ƴan ciniki a ƙarƙashin masarautar Dahome, yana zaune a kan rairayin da ke tsakanin teku da tabkin Nokuwe. Faransa ta kafa hujja da yarjejeniyoyin 1868 da 1878, na zamanin Sarki Glele, ta ce an bar mata wurin, amma ɗansa Behanzin bai amince da haka ba, lamarin da ya kai ga yaƙin 1890 da na 1892 zuwa 1894 wanda ya karya masarautar. Gaɓar tekun wannan yanki ba ta da lungun da jirgi zai fake, kuma igiyar ruwanta tana da ƙarfi ƙwarai, don haka a farkon shekarun 1890 Faransawa suka kafa wata doguwar gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku. Manyan jirage sukan tsaya can nesa, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigilar kaya tsakaninsu da gadar, kuma ta wannan hanya mai wahala aka riƙa fitar da manja da ƙwarar kwakwar manja na kudancin Dahome har tsawon shekaru kusan saba'in.

A wancan lokaci ƙasar Damagaram, wato yankin Zinder, ba ta da wata alaƙa ta ciniki da wannan gaɓa. Fataucinta na nesa yana fuskantar arewa ne, ta hanyar ayarin raƙuma zuwa Tarabulus, na kusa kuwa yana fuskantar Kano da Katsina da Daura. Bayan Faransawa sun ci Zinder a 1899, kuma layin dogo na Ingilishi ya iso Kano daga Ikko a 1911, sai hanyar Sahara ta mutu, Kano ta zama ƙofar teku ga dukan wannan yanki. Matamaye, wadda ke kan hanyar Zinder zuwa Kano, ba ta kai kilomita 200 daga tashar jirgin ƙasan Kano ba, alhali tsakaninta da Kwatano ya haura kilomita 1,500, kuma wannan bambancin nisa shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Daga shekarun 1930 noman gyaɗa ya bazu a ƙasashen Kance da Magarya da Tasawa da Maraɗi, inda ruwan sama ya fi wadata kuma ƙasar jigawa ta karɓi irin. Harajin da ake biya da kuɗi ya tilasta wa talaka shuka abin da zai sayar, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da ma'aunai a kasuwannin kaka, ƴan kasuwa Hausawa kuma suka zama masu shiga ƙauyuka suna sayo musu gyaɗa. Matamaye ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin gyaɗa na gabashin ƙasar, har aka kafa mata masana'antar tatsar mai a shekarun 1950. Sai dai kusan dukan wannan amfani ta Najeriya yake fita, wato kuɗin dako da na tasha suna shiga aljihun Ingilishi, kuma duk shekarar da gyaɗar Kano ta yi yawa har taragai suka kasa, ta Nijar takan jira a baya.

Domin rage wannan dogaro ne gwamnatin mulkin mallaka ta ƙirƙiro, a wajen 1953, shirin da aka sani da Operation Hirondelle, wanda manufarsa ita ce a karkatar da wani kaso na gyaɗar Nijar zuwa Kwatano. Manyan motoci sukan ɗauki gyaɗa zuwa Paraku, inda layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano ya tsaya tun shekarun 1930, sa'annan su komo da kayan kanti da siminti da man fetur, kuma hukuma tana daidaita kuɗin dakon yadda doguwar hanya ba za ta fi ta Kano tsada ba. An gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a kan kogin Isa a 1958, a 1959 kuma aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Duk da haka, gyaɗar Matamaye da Magarya mafi yawanta ta ci gaba da bin Kano, domin tallafin hukuma bai iya share nisan da ke tsakanin gabashin Nijar da gaɓar Dahome ba.

Ƙaruwar kaya ta nuna cewa tsohuwar gadar ƙarfe ta gaza, saboda haka aka fara gina tasha mai zurfi a 1959, aka buɗe ta a 1965, shekaru biyar bayan ƙasashen biyu sun sami mulkin kai. Tun daga nan jirgi yana iya jingina da bakin tasha a sauke shi kai tsaye, kuma ko da yake Porto-Novo ce babban birnin ƙasa a hukumance, ma'aikatun gwamnati da bankuna da ofisoshin jakadanci duk a Kwatano suka taru. A ɓangaren Nijar, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ya karɓe cinikin gyaɗa daga hannun kamfanonin Turawa, kuma a tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa da manta su ne suke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa. Wannan zamani bai daɗe ba, domin Faransa ta janye farashin gata da take sayen gyaɗar da shi, farin 1968 zuwa 1974 ya gigita karkara, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta ƙarasa abin da ya rage, har manoma da yawa suka koma ga wake da hatsi, na fadamun Korama kuma suka ƙara riƙo da rake da kayan lambu.

Tashar Kwatano ba ta faɗi da faɗuwar gyaɗa ba, saboda wasu kaya biyu sun maye gurbinta. Na farko shi ne yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971, aka riƙa kai shi da mota zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi tasha a loda zuwa Faransa, kayan aikin ma'adinan kuma su biyo hanyar su hau arewa. Na biyu, wanda ya fi tasiri ga rayuwar birnin, shi ne cinikin sake fitarwa, wato a shigo da kaya Benin ko a ratsa da su zuwa Nijar bisa takarda, sa'annan a tsallaka da su Najeriya inda aka hana shigo da su ko aka ɗora musu kuɗin fito mai nauyi. Bayan arzikin man fetur na 1973 ya buɗe kasuwar Najeriya, shinkafa da atamfa da taba sigari da gwanjo, daga baya kuma tsofaffin motocin Turai, suka riƙa kwarara ta Kwatano, kuma manyan alhazan Maraɗi da na Zinder da na Birnin Ƙonni sun tara dukiya mai yawa a wannan harka. Masanin ƙasar Benin John Igué da abokin aikinsa Bio Soulé sun yi wa wannan tsari cikakken nazari a littafin da suka fitar a 1992, inda suka nuna cewa gwamnatin Benin kanta ta mai da ajiyar kayan maƙwabta hanyar samun kuɗin shiga.

Wannan tarihi shi ya tsara sana'o'in birnin kamar yadda suke a yau. Akwai masana'antun siminti da na abin sha da na sarrafa man girki, akwai kamun kifi a teku da tabki, amma mafi yawan jama'a suna cin abinci ne daga ciniki da dako da fiton kaya. Kasuwar Dantokpa tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ƴan kabu-kabun babur da ake kira zemijan sun cika tituna da rigunansu ruwan ɗorawa, unguwar Zongo kuma ta daɗe tana zaman masaukin Hausawa da Zabarmawa ƴan kasuwa da direbobi da masu canjin kuɗi. Ƙidayar 2013 ta sami mutum kusan 680,000 a cikin birnin, ban da garuruwan Abomey-Calavi da Seme-Podji da suka haɗe da shi. Babban abin da Benin ke fitarwa na kanta shi ne auduga, wadda ƙasar ta shiga sahun gaba a nomanta a Afirka, kuma domin a daina fitar da ita ɗanya ne aka kafa yankin masana'antu na Glo-Djigbe a arewacin birnin, inda ake saƙa da ɗinki da sarrafa ƙwallon kashu da waken suya. Tun 2018 kuma hukumar tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ce ke taimakawa wajen gudanar da tashar, wadda kayan da ke bi ta cikinta suka kai kimanin tan miliyan 10 a shekara a wancan lokaci, kaso mai tsoka na Nijar ne.

Raunin irin wannan tattalin arziki ya bayyana sau biyu a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, cinikin shinkafa ya tsaya cak. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe gadar Malanbil, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, kaya suka koma bin tashar Lome ta hanyar Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da haɗari, tsadarta kuma ta sauka a kan mai saye a kasuwannin karkara. A cikin wannan takaddama ce aka fara loda ɗanyen man Agadem na Nijar a Seme-Podji a watan Mayun 2024, ta bututun da ya kusa kilomita 2,000, abin da ya ƙara ɗaure ƙasashen biyu da juna a daidai lokacin da dangantakarsu ta yi tsami.

Layin dogon da aka yi ta alkawarin zai haɗa Paraku da Yamai bai tabbata ba, domin guntun da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai shiga aiki ba. Layin da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi kuwa ta Daura zai bi, kusa da iyakar Kongolam da Ɗan Barto, wato ƙofar Matamaye. Tarihin shekaru ɗari ya nuna cewa ƙasar da ba ta da teku tana buƙatar hanya fiye da ɗaya da kuma zaman lafiya da dukan maƙwabtanta, kuma ribar kowace hanya za ta isa ga manomin Matamaye ne idan an farfaɗo da sarrafa gyaɗa da rake da wake a gida, yadda motar da ta kawo kaya daga bakin teku za ta sami abin da za ta koma da shi.